DARASIN DA NA KOYA A BAKIN KOGIN JAKARA



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan uwa, darasinmu na yau zai ɗan yi tsawo, sai ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe. Magana ce a kan ruwa, da kogin da ya ratsa ta tsakiyar garinmu, da wata fita da muka yi ni da ɗalibaina wadda ta sa na ji kunyar kaina.

MAFARIN MAGANAR

Kwanakin baya, tsakanin Magariba da Isha'i, muna karatun Ishmawi a babin ruwa. Na yi bayani kamar yadda na saba yi shekara da shekaru: ruwan da ake tsarki da shi shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canja ba. In ya canja da abu mai tsarki, kamar nono ko sabulu, to ana iya amfanin gida da shi amma ba a alwala da shi. In kuwa najasa ce ta canja shi, ba a sha, ba a girki, ba a ibada da shi. Canjin da ya samu daga mazauninsa, irin laka ko gansakuka ko gishirin ƙasa, wannan ba ya cutarwa. Duk yaron da ya yi makarantar dare ya san wannan.

Bayan an shafa Fatiha sai wani dattijo baƙo ya matso. Ya ce daga wani ƙauye yake ta wajen Minjibir, ya zo dubiya asibiti ne dare ya yi masa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ruwan da yake wucewa ta bayan gonata baƙi ne, yana wari, wani lokacin har kumfa yake yi."

Ban bari ya ƙarasa ba, na ce, "Baba, ai ka ji karatun. Ba a alwala da shi. In babu wani ruwan kusa sai ka yi taimama."

Sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, wannan na san shi tun kafin a haife ka. Ni tambayata daban ce. Ina yaro a cikin ruwan nan muke alwala, a ciki muke kama kifi. Yanzu ya zama abin da ya zama, kuma daga garinku yake fitowa. To alhakin nan a wuyan wa yake?"

Wallahi na yi shiru. Na ba shi amsa irin ta gama-gari, na ce duk wanda ya ɓata shi ne da alhaki, muka yi sallama. Amma a daren nan ban yi barcin kirki ba. Shekara nawa ina koyar da hukuncin ruwan da ya canja, ban taɓa tsayawa na tambayi waye ya canja shi ba. Kuma ban san inda ruwan kwatar gidana yake ƙarewa ba. Kai da kake karantawa, ka san inda naka yake zuwa?

KOWANE GIDA YANA CIKIN WANI KWARI

Kafin labarin fitar, bari mu fahimci abu ɗaya. Ruwa gangare yake bi. In an yi ruwan sama a kan rufin ɗakinka, indararo zai zubo shi tsakar gida, kwata ta fitar da shi lungu, lungu ya kai shi lambatu, lambatu ya kai shi rafi, rafi ya kai shi kogi. Duk ƙasar da ruwanta yake taruwa a kogi ɗaya, ita ake cewa kwarin wannan kogin. Ko gidanka yana kan tudu, ko ba ka taɓa ganin kogin da idonka ba, kana cikin kwarinsa.

Birnin Kano yana zaune ne a kan kwari biyu. Ruwan arewacin gari da na tsohon birni yawanci Jakara yake faɗawa. Jakara tana ratsawa ta gefen Kasuwar Kurmi, ta fita daga birni, ta karɓi ruwan rafin Getsi wanda ya fito daga unguwar masana'antu ta Bompai, sannan ta nufi arewa maso gabas zuwa madatsar ruwa ta Wasai a Ƙaramar Hukumar Minjibir. Ruwan kudancin gari kuwa, irin wanda rafin Salanta da Tatsawarki suke kwasowa daga wajen Sharaɗa, Kogin Challawa yake faɗawa.

Shi kuma Challawa tafiyarsa doguwa ce. Yana haɗuwa da Kogin Kano kafin Wudil, su zama kogi ɗaya ya wuce ta Ringim ya kai Haɗejiya. Daga nan ya bazu cikin fadamun Haɗejiya da Nguru, ya gamu da Kogin Jama'are wanda ya taso daga tsaunukan Jos, su fita ta wajen Gashuwa da sunan Komadugu Yobe. Wannan kogin shi ne ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar ta yankin Diffa, kafin ya kai Tafkin Chadi. Ka ga ke nan, abin da aka zubar a Sharaɗa yana da hanyar da zai bi ya tarar da Babarbare ko Bamange wanda bai taɓa zuwa Kano ba.

YADDA MUKA FITA

Bayan sati biyu da zuwan dattijon nan na ce wa ɗalibai ranar Asabar mai zuwa ba za mu zauna a zaure ba, za mu bi Jakara daga cikin birni har Wasai. Wasu suka yi dariya, wani ya ce, "Malam, yawon buɗe ido za mu a kwata?" Na ce e, a kwatar da mu muka yi ta. Muka haɗa kuɗin mota, muka ɗauki ruwan sha da na alwala a jarka, muka tashi bayan Asuba.

Zangon farko shi ne wajen Kurmi. A nan na tuna musu tarihi. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Sunan kasuwar kansa yana gaya maka abin da yake wurin a da: kurmi ne, duhuwar itatuwa a bakin ruwa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa mutanen farko da suka zauna kewayen Dala suna girmama kurmin Jakara suna tsoronsa. Su camfi ne ya sa suke kiyaye shi, kuma Allah Ya raba mu da wannan. Amma ku dubi abin mamaki: wanda yake da dalilin banza ya kiyaye wurin, mu da aka ba mu dalili na gaskiya muka mayar da shi juji. Abin da muka tarar a ranar shi ne ledar fiya wata, robobin lemo, tsummokara, ƙunzugun yara, da baƙin ruwa yana tafiya da ƙyar a tsakaninsu.

Muna tsaye sai ga wani yaro almajiri da baro cike da shara, ya juye ta a ciki ya juya zai tafi. Ɗaya daga cikin ɗalibaina ya daka masa tsawa. Na ce ya ƙyale shi. Na tambayi yaron, "Ɗan malam, wa ya aiko ka?" Ya ce matan wani gida ne suka ba shi kuɗi ya zubar musu. Na ce sun gaya maka inda za ka kai? Ya ce a'a. To kun ga, mai gidan nan yana can hankalinsa kwance, gidansa tsaf, bai san cewa sharar gidansa ce za ta toshe kwalbati a watan Agusta ruwa ya rushe katangar wani ba. Ni ma a take na tuna cewa haka ake yi a gidana. Ban taɓa tambayar mai kwashe mana shara inda yake kai ta ba.

Zango na biyu, lambunan da suke bakin ruwan ta wajen Kwakwaci. Salak, kabeji, alayyafo, karas, albasa mai lawashi, kore shar gwanin sha'awa. Injin ban ruwa yana ta aiki, bututunsa a cikin wannan baƙin ruwan da muka baro. Muka yi wa wani mai lambu sallama, magidanci ne mai fara'a. Wani ɗalibi ya ce masa, "Yaya, ba ka tsoron Allah, kana shayar da abincin mutane da wannan?"

Mutumin bai yi fushi ba. Ya ce, "Ƙanena, a wurin nan mahaifina ya yi lambu, a lokacin ruwan ba haka yake ba. Ni ban zuba komai a ciki ba, ku mutanen gari kuka zubo mini. In na bar lambun nan me zan ba 'ya'yana? Ku kawo mini ruwa mai kyau, yau ɗin nan zan daina." Ya nuna mana ƙafafunsa, duk sun yi kaushi da ƙuraje saboda tsayawa a ciki. Ɗalibin ya sunkuyar da kai ya ba shi haƙuri.

A nan na gane cewa abin zagaye yake yi. Mu zubar a kwata, kwata ta kai lambu, lambu ya dawo kasuwa, mu saya mu yi kwaɗo, mu yi buɗa baki da shi da azumi.

Zango na uku, inda ruwan Getsi yake shigowa. Tun kafin mu ƙarasa warin ya canja, ya tashi daga warin kwata ya koma wani wari mai hawa kai. Ba zan kama sunan kowane kamfani ba, domin ban ga bututun kowa da idona ba. Abin da aka sani shi ne, jima irin ta zamani tana amfani da sinadarin kuromiyom, ba kamar majemanmu na gargajiya ba da suke amfani da bagaruwa. Masu bincike a jami'o'inmu sun sha auna ruwan rafukan da suke fitowa daga unguwannin masana'antu na Kano suna samun irin waɗannan ƙarafa masu guba a ciki. Ku riƙe wannan da kyau: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da ƙarfe mai guba. Wanke ganye da gishiri yana rage dattin da yake bayansa, amma abin da saiwa ta riga ta zuƙa ya shiga jikin ganyen.

Zango na ƙarshe, Wasai. Mun isa da hantsi. Ruwa ne mai faɗi, iska tana kaɗawa, balbelu suna bin shanu, ga zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, ga masunta a kwalekwale. Wasu daga cikin yaran nan da aka haifa a cikin lungunan birni ba su taɓa ganin ruwa mai wannan girman ba. Ɗaya ya tsaya yana ta tasbihi shi kaɗai, ba wanda ya ce ya yi. Muka zauna a inuwa muka ci abinci, muka yi hira da wani tsohon masunci. Ya lissafa mana kifayen da ya sani, tarwaɗa, karfasa, kurungu, ragon ruwa, ya ce wasu sun yi masa wuyar gani yanzu. Ya ce farkon damina, in ruwa ya wanko dattin gari gaba ɗaya, sukan wayi gari su ga kifi ya taso ciki sama. Ya kuma yi kuka da wasu 'yan uwansa masunta da suke zuba maganin ƙwari a ruwa don su kwashi kifi a sauƙaƙe, su kashe manya da ƙanana, su kuma sayar wa mutane.

A hanyar dawowa motar tsit. Ba wanda ya ƙara cewa yawon kwata.

CAN ƘASA KUMA WATA MATSALAR CE DABAN

Kada a ɗauka datti ne kaɗai yake kashe kogi. An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Alherinsu a fili yake. Shinkafa da tumatir da alkamar Kadawa da Kura da Bunkure daga nan ne, ruwan famfon birni ma daga waɗannan koguna ake ɗaukarsa. Amma komai yana da nasa farashin. A da, kogin yakan cika da damina ya malale fadamu, da rani ya janye ƙasa ta bushe. Manomi ya yi shinkafa, masunci ya yi su, makiyayi ya shigo da shanu bayan girbi, kowa da lokacinsa. Da aka tare ruwan ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai wasu wuraren suka daina bushewa. Wannan shi ne abin da ciyawar kacalla take so. Ta mamaye hanyoyin ruwa a yankin Haɗejiya da Nguru, ta tara laka, ta karkatar da ruwa, wani gari ya nutse wani kuma ya rasa ko ɗigo. A cikinta kuma tsuntsayen jan baki suke samun maɓoya su addabi gonaki.

Mutanen wannan yanki sun daɗe suna fita aikin gayya, su shiga ruwa da lauje da adda suna yanke kacalla don buɗe hanya. Aiki ne mai wahala kuma tana sake tsirowa, amma suna yi, don sun san in sun zauna jiran wani gonarsu ce za ta tafi. Fadamun nan kuwa ba ƙaramar ni'ima ba ce. Tsuntsaye suna tasowa tun daga Turai su zo su yi hunturu a cikinsu, kuma a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Baƙi suna biyan kuɗin jirgi su zo su ga Dagona da Baturiya, mu kuma muna nan kusa yaranmu ba su ma san sunan ba.

ABIN DA ADDINI YA CE A KAN WANNAN

Zan taƙaita a kan abu huɗu.

Na farko, an hana yin fitsari a ruwan da yake tsaye, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. An kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan yin bayan gida a mashayar mutane, da kan hanya, da inuwar da ake hutawa, saboda suna jawo wa mai yi tsinuwa. Ku dubi cutar tsargiya. Mai ɗauke da ita in ya yi fitsari a tafki ko rafi, ƙwan tsutsar yana ƙyanƙyashewa ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwar ruwa, ya girma ya fito, ya huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki. Sai ka ga yaro yana fitsarin jini, wasu iyayen ma su ɗauka alamar girma ce. Cuta ce, kuma akwai maganinta a asibiti. To in fitsarin mutum ɗaya an hana, ina ga wanda ya haɗa bututun masan gidansa gaba ɗaya da lambatu? Ina ga mai sakin ruwan masai da daddare in ya ga hadari ya taso?

Na biyu, ƙa'idar da malaman fiƙihu suka gina hukunce-hukunce masu yawa a kanta, wato hana cutarwa da kawar da ita. Mallakar wuri ba ta ba ka ikon cutar da na ƙasa da kai ba. Kamfaninka ne, gidanka ne, mahautarka ce, babu musu. Amma ruwan da ya fita daga ciki ya shiga haƙƙin wani. Haƙƙin bayi kuwa istigfari kaɗai ba ya goge shi, sai an daina, an gyara, an nemi yafiya. Tambayar da ta fi tsorata ni ita ce, mutumin da ka cutar ba ka san shi ba, yana can ƙauyen da ba ka taɓa zuwa ba, a ina za ka same shi ka roƙe shi?

Na uku, hurumi. Kalmar nan da muke amfani da ita daga fiƙihu ta zo. Malamai sun yi bayanin cewa rijiya da kogi da gari kowanne yana da filin da yake kewaye da shi wanda ba a yarda wani ya mallake shi ya takura wa jama'a ba. Manzon Allah (SAW) ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabza, don amfanin al'umma. A ƙasar nan ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan hukuncin filaye da yadda ake mallakarsu. Burtali da mashaya da makiyaya duk a wannan babin suke. Yau mun cike kududdufan Kano da shara mun yanka filoti a kai, mun gina shaguna a kan hanyar ruwa, tifofi suna kwashe yashin gaɓar kogi har gonaki suna zubewa. In ruwa ya zo bai sami gidansa ba ya shiga namu, sai mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa mai ganganci laifinsa.

Na huɗu, falalar samar da ruwa. Sayyidina Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta kashe dukiya mai yawa ta jawo ruwa zuwa Makka saboda alhazai, har yau ana kiran aikin da sunanta. Mu ma mun iya wannan, masu hali suna ta haƙa burtsatse a unguwanni, Allah Ya saka musu. Abin da muka manta shi ne kare ruwan da yake nan tun asali. Wanda ya haƙa wa mutum ɗari rijiya, masana'antarsa kuma tana ɓata ruwan mutum dubu, to ya zauna ya yi lissafi tun yana da rai.

LAIFINA DA NA GANO

Da muka dawo na ce a bi mini kwatar makarantarmu. Ruwan wurin alwala ba matsala. Amma sai aka gano ramin banɗakin ɗalibai ya daɗe da cika, wani ya fasa gefensa yana tsiyaya cikin lambatun unguwa, lambatun kuma Jakara yake faɗawa. Wato wani kaso na baƙin ruwan da yake wucewa ta bayan gonar dattijon nan daga makarantar da ake karanta babin tsarki ya fito. Na sanar da iyayen yara, muka yi karo-karo, aka kira motar kwasar masai, aka toshe wurin da siminti. Na faɗi wannan ne don kada wani limami ko shugaban makaranta ya karanta rubutun nan ya ɗauka da masu kamfani kaɗai nake. Malam, je ka duba bayan masallacinka.

GA MAI SON YIN IRIN WANNAN FITA

Ba sai kana Kano ba. Kowane gari yana da rafinsa. Ga abin da muka koya:

1. Ku fara da bin ruwan unguwarku da ƙafa, daga kwatar masallaci har inda ya faɗa rafi. Ku rubuta wuraren da ya toshe da inda ake zuba shara.

2. Ku sanar da mai unguwa ko dagaci kafin ku je, in wurin masunta ne ku gaida Sarkin Ruwa. Ku je da niyyar tambaya da saurare. Mai lambu da masunci sun fi ku sanin ruwan.

3. Kada kowa ya shiga ruwa. Ban da wanka, ban da iyo, saboda tsargiya da nutsewa. Kada a cika kwalekwale don ɗaukar hoto. Kowane babba a ba shi yaran da zai kula da su, a ƙirga kafin tashi, a ƙirga kafin dawowa.

4. Ku ɗauki ruwan alwala, ku tsara tafiyar yadda sallah ba za ta kuɓuce ba. Ledar da kuka je da ita ku dawo da ita.

5. Kada a bar mata a baya. Malamai mata su shirya wa ɗalibansu tasu fitar. Mafi yawan sharar gida ta hannun mata take fita, in suka gani da idonsu gyaran ya fi sauri.

6. Aikin gayyar yashe lambatu a yi shi a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, ko a haɗa shi da Asabar ɗin tsaftar muhalli ta ƙarshen wata. A sa safar hannu da takalmin roba, a yi amfani da shebur da manjagara. Mafi muhimmanci, a shirya motar da za ta kwashe dattin tun kafin a fara. In aka tara shi a bakin lambatu, ruwan farko zai mayar da shi inda aka ɗebo shi.

7. Inda gaɓa take zaizayewa a dasa ciyawar jema ko gamba, saiwarsu tana riƙe ƙasa. A dasa itatuwa da farkon damina, kowace bishiya a damƙa ta ga mutum ɗaya da sunansa, a kewaye ta saboda awaki. Dashen da ba mai ban ruwa hoto ne kawai.

8. Abin da ya fi ƙarfinku, irin ruwan masana'anta, ku rubuta takarda cikin ladabi, da kwanan wata da wurin da kuka gani, masu unguwanni da limamai su sa hannu, a kai wa hukumar da abin ya shafa. In an yi shiru a sake kaiwa.

Na san wani zai ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne akwai babban kaso a wuyanta: samar da wurin zuba shara, tilasta wa masana'antu su tace ruwansu, hana gini a hanyar ruwa. Za mu ci gaba da faɗa mata. Amma ba gwamnati ce ta jefa ledar da ka sha ruwa ta tagar Adaidaita Sahu ba. Wani kuma zai ce yawon kallon ruwa da tsuntsaye al'adar Turawa ce. Ɗan uwa, umarnin yin tafiya a bayan ƙasa da duba halittar Allah ya maimaitu a Alƙur'ani a wurare da yawa. Mu ne muka bar shi. Na ga abin da awa biyu a bakin Wasai ya yi wa zukatan ɗalibaina, wanda wa'azina na wata guda bai yi ba.

Dattijon nan ban karɓi lambarsa ba, ban ma tambayi sunan ƙauyensu ba. In akwai wanda ya san shi cikin mutanen Minjibir, a gaya masa na sami amsar tambayarsa: alhakin yana wuyan mutane da yawa, kuma ina cikinsu. Ina roƙonsa ya yafe mini.

Fitarmu ta gaba in sha Allahu ɓangaren Challawa za mu bi. Kafin nan, aikin gida ga kowa: ka tambayi mai kwashe muku shara inda yake kai ta, ka kuma leƙa ka ga inda ruwan banɗakin gidanka yake fita.

Allah Ya yafe mana haƙƙin da muka ɗauka da saninmu da wanda ba mu sani ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya da annoba, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.